Dirkar Malam Ɗayyabu

Akwai mutanen da Allah Ya yi wa baiwa, sannan Ya ajiye su a unguwar da ba a san darajar baiwa ba. Malam Ɗayyabu Mai Rumfa na Ɗorayi yana cikinsu. Shi ya fara gano haka, shi ya fara faɗa, kuma har yau ba a sami mai adalcin da ya maimaita ba.

Sana'arsa ba da hayar rumfa da kujerun roba. Biki ne, suna ne, zaman makoki ne, in dai an tare layi tsakanin Ɗorayi da Sharaɗa, ɗaga kai za ka ga shuɗin tamfal ɗinsa. Yana yawo da tef ɗin awo a wuya kamar laya, yana rina gashin baki duk Juma'a, ya kuma sa an rubuta "Injiniya" da jan fenti a ƙofar a-kori-kurarsa. Abu ɗaya ne ya tokare masa rai: kujerar ciyaman ta ƙungiyar masu hayar rumfa. Duk zaɓe sai ya tsaya, duk zaɓe sai a ba shi haƙuri. Wannan karon ma ga zaɓe ya zo, ranar Asabar, ga Alhaji Uwaisu ya fito nema, wani mai sanyin baki da bai taɓa ɗaga murya ba balle guduma. Ina adalci a nan?

Ana cikin haka, a shekarun nan da wayar salula ta fara shiga aljihun kowa, sai wasu ɗaliban zanen gine-gine suka ɗauki hayar motarsa don kwaso katako daga Bompai zuwa Sharaɗa. Ɗayyabu bai saba bin mota ba. Wannan aikin Isyaku direba ne, wani dattijo mutumin Maraɗi da magana ke yi wa wuyar fita. Amma da ya ji an ambaci jami'a, sai ya zura babbar riga ya shige gaba.

A kamfanin kujerun da suka je, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba: wani inji mai faɗin ɗaki, da ɗan ƙarfe mai tsini yana yawo a kan allon katako shi kaɗai, yana yanka, yana shan kwana, yana dawowa. Ba kafinta, ba zarto. Saurayi ɗaya ne a gefe gaban kwamfuta, shi ma gyaɗa yake ci. Ɗayyabu ya ja da baya, ya yi addu'ar neman tsari a ciki, sannan ya gyara hula.

"Au, ƙaramin ne ashe," ya ce da ƙarfi. "Wanda na yi aiki da shi a Legas ya ninka wannan."

"Maigida, yaushe kuka je Legas?" in ji Isyaku.

"Kai dai buɗe bayan mota."

Wata siririyar budurwa mai gilashi ta ƙaraso, ta ɗaure mayafi a ƙugu saboda aiki. Ita ce Fiddausi, shugabar ɗaliban.

"Sannu Baba, ku ne masu motar?"

"Injiniya," ya gyara mata.

"To, sannu Baba Injiniya. Rumfa za mu haɗa, aikinmu ne na ƙarshen shekara. A kwamfuta muka zana ta, injin nan ya yanko mana. Kowane katako da lambarsa, da tsagar da zai shiga cikin ta ɗan'uwansa. Don Allah a ɗora su yadda muka jera."

Da jin kalmar rumfa, sai Ɗayyabu ya ji kamar an kira sunansa a rediyo.

"Rumfa? 'Yata, kin zo gida. Ina dirkokin?"

"Ba ta da dirka."

"Ƙusa fa?"

"Babu. Kowane katako yana jingine da na kusa da shi, su lanƙwaso su haɗe a sama. Nauyinta ne yake ɗaure ta."

Ɗayyabu ya dubi Isyaku, ya dubi sama, ya yi dariyar tausayi. "Rumfa ba dirka. Wane malami ne ya cuce ku haka? Iyayenku sun san abin da ake koya muku?"

Da ɗaliban suka juya wajen mai kwamfuta, sai ya tattare hannun riga ya yi lodi irin na ƙwararru: dogaye a ƙasa, gajeru a sama, karkatattu a cusa a gefe. Mota ta ɗauke komai a sawu ɗaya, abin da ya isa a yi masa godiya. Amma da aka sauke a Sharaɗa, a filin wata masaƙa da ta rufe aka ara wa ɗaliban, ba wanda ya gode. Sai ga 'yan boko durƙushe a kan daɓen siminti, suna juya katako suna kiran lamba kamar masu neman ɗan da ya ɓata a kasuwa. Rabin yini ya tafi a haka.

"Laifin injin ne," Ɗayyabu ya shaida wa duk mai kunne. "Dubi nan, ba guda biyu da suka zo daidai. Kafintan Ɗorayi ya yi min haka, wallahi sai ya biya katako."

Don ya nuna ba surutu kawai ya iya ba, ya zaro zarto daga mota, ya taka wani katako da ƙafa zai daidaita shi da ɗan'uwansa. Wani ɗalibi mai suna Habibu, ƙato kamar ɗan dambe, ya yo tsalle ya riƙe masa hannu.

"Baba, don girman Allah! Haka aka so shi!"

"A karkace?"

"A karkace!"

"To Allah Ya shirya," in ji Ɗayyabu, ya mayar da zarto cikin ɓacin rai. Mutum ya kawo taimako kyauta, a riƙe masa hannu a gaban direbansa.

Duk da haka bai yi fushi ya tafi ba, don shi mai haƙuri ne. Washegari ma ya dawo. Ɗalibai suka shiga aiki, maza da mata. Wannan ya miƙo, wancan ya karɓa, a saita tsaga da tsaga, a ɗan buga da gudumar roba, sai ka ji ƙwas, ya zauna. Wasu sun tallafe gefe da kafaɗa, wasu suna kan tsani, Fiddausi tana zagayawa tana kiran wanda zai biyo baya. Tun abin yana kama da tarkacen akwati, har ya fara tashi yana lanƙwasa kamar kwandon da aka kife, duk jikinsa ƙofofi, rana tana ratsowa tana zana ado a ƙasa.

Ɗayyabu ya sauke kujerar roba ɗaya, ya hau kanta ya tsaya. In ɗalibai sun ɗaga, sai ya ce, "Ɗaga!" In sun ajiye, sai ya ce, "Ajiye a nan!" Ko sau ɗaya ba su saɓa umarninsa ba.

Da ma'aikatan kamfanonin kusa suka tashi daga aikin safe, sai suka yi cincirindo a bakin ƙofa. A nan Hajiya Badi'a take da rumfar garau-garau, mace mai faɗin jiki da faɗin murya, wadda ta san Ɗayyabu tun yana ɗaukar kujeru a ka.

"Injiniya!" ta ƙwala masa kira. "Wannan kuma kejin wace kaza ce?"

"Hajiya, fasaha ce. Yaran nan jami'a ta turo min su koyon aiki."

"Kai ne malaminsu?"

"Wa kika gani a sama?"

"Na ga mutum a kan kujera. Sauko kar ka fasa ta, ta haya ce."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, amma wasu sun gyaɗa kai, har wani ya ce ai daman Injiniya ba ƙaramin mutum ba ne. Wannan kalma ita ta kunna masa wutar dabara. Zaɓe gobe ne. Me zai hana a yi taron a nan, a ƙarƙashin rumfar da ba a taɓa ganin irinta a Kano ba, kowa ya ga bambancin mai ilimi da mai tara kujeru? Ya sayi katin waya, ya bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya a waya. Har Alhaji Uwaisu ya kira.

"Alhaji, ka zo ka ga inda sana'a ta dosa. Ka taho da hula mai igiya, kar ta faɗi in ka ɗaga kai."

"To, Allah Ya kai mu," in ji Uwaisu, shi ke nan. Mutum ko gardama bai iya ba, wai shi zai yi ciyaman.

Ranar Asabar da hantsi aka sa katakon ƙarshe a can ƙololuwa. Ɗaliban da suka tallafe gefe suka janye kafaɗa a hankali. Rumfa ta tsaya. Suka yi ihu, suka yi ta ɗaukar hoto, Habibu ya kama wani gefe ya yi lilo don kowa ya ga ƙarfinta. Sannan suka ce za su je su yi wanka su huta, sai gobe malaminsu zai zo dubawa.

"Baba Injiniya," in ji Fiddausi, "tun da kuna nan, don Allah ku sa mana ido. Zama a ciki ba komai. Kar dai a taɓa."

Kar a taɓa! Shi da ya kafa rumfa tun ba a haifi uwar kwamfuta ba. Ya haɗiye maganar don girma, ya ɗaga musu hannu har suka fita.

Suna ɓacewa ya shiga tsakiyar rumfar ya ɗaga kai. Ba komai tsakanin ƙasa da sama sai iska. Yanzu Uwaisu ya shigo ya ce ina dirka, me zai ce? Ga ƙofofi ko'ina, ko akuya ba za ta fake a nan ba.

"Ai ta tsaya, maigida," in ji Isyaku.

"Ta tsaya da ikon Allah, ba da ilimi ba. Ɗauko min dogon ƙarfen nan na tsakiyar rumfarmu daga mota."

"Yarinyar ta ce..."

"Yarinyar ta ce a sa ido. Na sa, na ga gyara."

Ƙarfen bai kai sama ba, saura kamar taƙi guda. Wani zai karaya, ban da Ɗayyabu. Ya sa aka ɗauko jak ɗin mota, ya ɗora ƙarfen a kai, ya shiga murɗawa. Kan ƙarfen ya taɓa ƙololuwa. Ya ƙara. Rumfa ta ce ƙiiiƙ.

"Ka ji? Godiya take yi."

Ya ƙara murɗawa. Garin katako ya zubo masa a hula. Katakan da ɗazu suka cije juna gam, yanzu suka saki, har wani yana motsi kamar haƙorin tsoho. Duk nauyin da yake ɗaure su ya koma kan ƙarfe ɗaya. Isyaku ya taɓa wani gefe da yatsa, ya ga ya girgiza, ya ja da baya.

"Maigida, ɗazu ƙaton nan ya yi lilo a nan ba ta motsa ba."

"Ɗazu a wahale take. Yanzu ta huta."

Suka jefa shuɗin tamfal a kai, ƙofofi suka rufe, ciki ya yi duhu da zafi kamar kowace rumfar kirki. Isyaku ya ce shi dai yunwa yake ji, ya nufi wajen Hajiya Badi'a. Bayan tafiyarsa Ɗayyabu ya lura dirkar tana ɗan rawa a kan jak. Ya ɗaure wuyanta da igiya, ya haɗa da bakin tamfal, ya nemi inda zai kafa turke. Daɓen siminti ya ƙi karɓar turke. Ya duba hagu, ya duba dama, sai ga a-kori-kura a tsaye a bayan rumfa. Ya ɗaure igiyar a ƙarfen bayanta, ƙulli uku na gwanaye, ya kakkaɓe hannu. Jami'a guda ba ta yi wannan tunanin ba.

Bayan la'asar 'yan ƙungiya suka hallara, kowa da 'yan kujerunsa, don mai hayar kujera ba ya yarda da ta wani. Ma'aikata suka cika bakin ƙofa. Alhaji Uwaisu ya shigo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Masha Allah," ya ce. "Kai ka yi?"

"Da 'yan yarana."

"Wannan ƙarfen fa, a kan jak na gan shi?"

"Sabon salo ne, Alhaji. Bai iso wajenku ba tukuna."

Sakataren ƙungiya, Alhassan, wani mai tsananin bin doka, ya buɗe taro da addu'a, ya ba 'yan takara dama su yi magana. Uwaisu ya ce shi dai in an zaɓe shi zai yi ƙoƙari, ya zauna. Ɗayyabu ya miƙe, ya tsaya a tsakiya, ya dafa dirka.

"'Yan'uwa, ku dubi sama. Yaran nan sun zo min da takarda da kwamfuta, suna kuka, rumfa ta ƙi tsayawa. Na ce ku share hawaye. Ƙungiyarmu ma haka take, katakai ne a warwatse. Me take nema? Dirka! Wace ce dirkar?" Ya bugi ƙirji. Wasu suka tafa, don zafi ya sa kowa yana so a gama.

Ganin gumi yana zuba daga fuskokin masu zaɓe, sai ya ga wata dama.

"Isyaku! Maza ɗauki mota, a kawo lemo mai sanyi, kowa biyu-biyu. A mulkina ba mai jin ƙishi!"

Wannan karon tafin na gaske ne. Isyaku ya suɗe hannu, ya zagaya ta gaba ya shiga mota. Daga bakin ƙofa Hajiya Badi'a ta hango abin da ke bayan motar, ta miƙe da ludayi a hannu.

"Injiniya! Igiya!"

"Hajiya, a bari a gama jawabi."

"Na ce igiya!"

"In ta ƙungiya ce, sai a rubuto wa sakatare."

Mota ta tashi. Igiya ta miƙe. Dirka ta fice daga ƙarƙashin hannun Ɗayyabu kamar an zare tsinke, ta bi mota tana ƙara a kan siminti, tamfal ya bi ta a baya yana kaɗawa, suka fita ƙofa suka hau titi. Haske ya cika wuri. Rumfa ta yi shiru, kamar tana tunani. Sai wani katako ya faɗo, taf. Sai wani.

Abin mamaki, ba wanda ya fita hannu sake. Kowane ɗan ƙungiya sai da ya sunkuci kujerarsa, wasu har da ta maƙwabci, sannan suka yi waje a guje. Alhaji Uwaisu, mai sanyin nan, shi ya riga kowa, da kujera a ka.

Ɗayyabu kaɗai ya tsaya, don jarumi ba ya gudu a gaban masu zaɓe. Ya miƙa hannun dama sama.

"Kowa ya zauna! Na riƙe ta!"

Rumfa ta sauko a hankali, tana naɗewa kamar tabarma, ta zauna a kansa. Da ƙura ta lafa, sai ga tulin katako a tsakiyar fili, ga hannu ɗaya ya fito ta wata ƙofa a sama, a miƙe, da agogo.

Ana salati ana dariya, sai ga Fiddausi da Habibu a kan acaɓa, wani ma'aikaci ya buga musu waya. Mutane har sun fara kama katako za su ja.

"Kar wanda ya ja!" Fiddausi ta daka tsawa. "Sun sarƙe. In an ja za su karye, su kuma matse shi. Sai an zare ɗaya bayan ɗaya." Ta durƙusa ta leƙa. "Baba, kun ji ciwo?"

"Injiniya," wata murya ta amsa daga ciki.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Habibu. "Katakon ba nauyi. Baba, me kuka yi mata?"

"Gyara."

Fiddausi ta cire gilashi, ta goge, ta mayar. "Habibu, kira sauran. Mu fara ta wancan gefen."

"Ba ta gefen da nake ba?" in ji muryar.

"Ku ne a ƙarshe, Baba. Haka tsarin yake."

A nan hadari ya fara haɗowa daga gabas. Kowane ɗan ƙungiya yana da rumfa a kafe a gidan wani biki, hankali ya tashi, aka ce a yi zaɓe a watse. Alhassan sakatare ya ce doka ba ta hana ba, tun da duka 'yan takara suna wurin, ɗaya a waje ɗaya a ciki.

"Masu son Malam Ɗayyabu, hannu sama."

Aka duba ko'ina. Hannu ɗaya ne, mai agogo.

"Masu son Alhaji Uwaisu."

Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Alhassan ya bi su da yatsa yana ƙirgawa, har ya zo kan tulin katako, ya haɗa da na can.

"Kai, Alhassan!" muryar ta fashe. "Wannan hannun ba na zaɓe ba ne!"

"To sauke shi."

"Ba ya saukuwa!"

"Doka ta ce wanda ya ɗaga sau biyu, na ƙarshe ake ɗauka. Alhaji Uwaisu ya ci, baki ɗaya, ba hamayya."

Hajiya Badi'a ta rangaɗa guɗa har da buga ludayi a murfin tukunya. Alhaji Uwaisu ya ajiye kujerarsa, ya taka a hankali zuwa tulin, ya yi ɗage, ya kama hannun nan da hannu biyu ya girgiza.

"Na gode, Injiniya. Ban taɓa ganin abokin takara mai zuciya irin taka ba."

Hadarin bai zubar ba, ya wuce Calawa. Sabon ciyaman ya yi aikinsa na farko: ya sa duk wanda rumfarsa ba ta nisa ya tsaya ya taya ɗalibai. Masu rumfa suka jeru suna miƙa katako, Fiddausi tana kiran lamba, suna ta mamakin yadda abu ke cije abu ba ƙusa. Kafin malamin ya zo washegari, rumfa ta sake tsayawa da ƙofofinta. Shi kuwa Ɗayyabu, da aka zaro shi daga ƙarshe, hannun ya sandare, sai da Isyaku ya sauke masa shi da man zafi. Isyakun ya dawo da lemo, da dirka, da rabin tamfal, da 'yan kallo tun daga titin Sharaɗa.

Yanzu in ka je Ɗorayi ka tarar da shi a ƙofar shago, ka kuskura ka ce ya faɗi zaɓe, sai ya dube ka da tausayi.

"Faɗuwa? Janyewa na yi, don zaman lafiyar ƙungiya. Ni na fara ɗaga wa Uwaisu hannu, ni na ƙarshen saukewa. Je ka tambayi duk wanda yake wurin."

Mutane sun je sun tambaya. Ba a sami wanda ya musa ba.